Yadda na zaɓo wa shafin kasuwarmu saba bayan ya durƙushe a goman ƙarshe

Daren ashirin da uku ga azumin 2023 ne. Mun fito daga sallar asham a unguwarmu ta Aboabo, ban ko gama sa takalmi ba wayata ta fara ƙara. Hajiya mai leshi ce ta Asawase, take cewa, "Ɗana, abin naku ya ƙi buɗewa, mutum uku sun kira ni." Kafin in isa gida kira ya kai tara. Shafin nan na intanet ni na gina shi a 2021 domin shagon kawuna, wanda ke sayar da shadda da atamfa a Alabar, nan Kumasi. Sannu a hankali 'yan kasuwa kusan arba'in suka shigo ciki da kayansu, masu turare, masu hula, masu takalma, har da wasu daga unguwar Nima ta Akra. Masu saye kuwa ba 'yan Gana kaɗai ba ne, akwai 'yan zangonmu da ke zaune a Jamus da Italiya da Amurka, waɗanda ke biyan kuɗin kayan Sallah daga can a kai wa iyayensu a nan. Duk cinikin shekara bai kai na goman ƙarshe ba, kuma a daidai lokacin ne shafin ya zauna. Na buɗe shi a wayata, farin allo kawai da lamba 503, alamar cewa shafin ya kasa karɓar baƙi. Wannan dare ban iya cin sahur ba, domin amanar mutane ce a wuyana, kuma ban san inda ciwon yake ba.

Matakin farko shi ne kamfanin da muke haya a wurinsu. Irin hayar nan ce mai arha wadda shafuka ɗaruruwa ke zaune a kan uwar garke ɗaya, abin da mu masu aikin muke ce wa saba. Kamar gidan haya ne na zango, kowa da ɗakinsa amma famfo ɗaya ne, in ka cika ɗibar ruwa mai gida ya taka maka birki. Na aika musu da saƙo wajen ƙarfe goma na dare, amsa ba ta zo ba sai bayan awa bakwai. Suka ce an ƙayyade mana ayyuka 25 a lokaci guda, mun wuce, don haka duk wanda ya zo bayan na ashirin da biyar sai a rufe masa ƙofa. Shawararsu ita ce in hau tsarinsu na sama. Na biya nan take, aka ninka mana iyakar zuwa 50, shafin ya ɗan farfaɗo da rana, bayan buɗa-baki ya sake faɗuwa. Haka muka yi ta lallaɓawa har Sallah, ina karɓar odar mutane ta WhatsApp ina rubutawa a littafi da hannu. Kuɗin da na biya a daren nan asara ce, domin na sayi magani ne ban san cutar ba.

Bayan Sallah Kawu ya kira ni shago. Shi mutum ne da ya saba da abin da hannu ke taɓawa. Ya ce, "Yaro, mu daina zaman haya. Je ka Akra ka sayo mana injin namu na kanmu, mafi ƙarfi, mu ajiye shi a bayan shago." Ni ma a lokacin ra'ayina ke nan. Na hau bas a Asafo da asuba, muka bi ta Konongo da Nkawkaw da Suhum, cunkoson shiga gari ya riƙe mu, sai azahar na sauka a Circle. Na shiga layin masu kwamfuta ina tambayar saba, aka yi ta miƙa ni daga wannan shago zuwa wancan, har na sami wani mai Dell PowerEdge R730 na hannu, da furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ram gigabait 64, wato wurin da injin ke riƙe abin da yake aiki a kai a lokacin. Ya ce sidi 14,000, ba ragi. Da ya kunna shi sai fankokinsa suka ɗauki kuka kamar injin niƙa, ni kuwa zuciyata ta kwanta da shi, ina ganin ƙarshen wahala ya zo. Abin da ya hana ni biya shi ne na tambayi shekarun faifan ajiyar da ke ciki da takardar garanti, ya ce garantinsa sati biyu ne. Na ce zan dawo gobe.

A Nima na kwana, gidan wani yayana ɗan babban wan mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aikin kula da sabobi. Muna cin tuwon zafi na ba shi labari ina murna. Bai ce komai ba sai da muka wanke hannu, sannan ya tambaye ni, "Ƙanena, a daƙiƙar da ta fi cunkoso a daren nan, buƙatun buɗe shafi nawa suka shigo?" Ban sani ba. Ya ce shafi ɗaya daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya fito? Wannan ma ban sani ba. Ya ce to ba za ka sayi komai gobe ba, ɗauko kwamfutarka. Muka sauke kundin shige-da-fice na sabar, wanda ke rubuta kowace buƙata da lokacinta, muka ware na goman ƙarshe. Ashe cunkoson ba na yini ba ne. Yana tashi ne sau biyu, daga bayan asham zuwa sha ɗaya na dare, da kuma wajen sahur. A minti mafi zafi mun ƙirga buƙatun shafi kusan 2,400, wato 40 a daƙiƙa. Muka auna shafin kayan, yana cin daƙiƙa biyu da rabi. Sai ya yi min lissafin da har yau da shi nake aiki: yawan ayyukan da saba ke riƙe da su a lokaci guda shi ne yawan masu shigowa a daƙiƙa sau tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka. Arba'in sau biyu da rabi, ɗari ke nan. Shi ya sa 25 ba ta isa ba, 50 ma ba ta isa ba. Kowane ma'aikacin PHP a shafinmu, wato ɗan shirin da ke amsa buƙata ɗaya a lokaci guda, yana cin ram kusan megabait 60, ɗari za su ci gigabait 6. Ya ce amma duba ɗaya gefen, in ka sauko da lokacin zuwa kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ma'aikata takwas sun ishe ka, ram ɗinsu bai kai rabin gigabait ba. Ya kawo min misalin mai waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin titi: in tana ɗaukar minti biyar kan kowane mutum, layi zai kai kwana, ko da an ƙara mata benci goma. Hannunta ne ke buƙatar sauri.

Kwana uku na ƙara a Nima a kan rumbun bayanai kaɗai, kuma nan ne na ga ainihin ciwon. Ni da na ɗauka bayananmu sun kai gigabait 38, domin abin da allon kamfanin ke nuna min ke nan. Da muka rarraba sai ga shi 34 hotuna ne, waɗanda 'yan kasuwa ke ɗorawa kai tsaye daga waya, wani hoton shi kaɗai megabait biyar. Rumbun kansa, wanda manhajar MySQL ke riƙe da shi, gigabait uku ne da ɗan ɗori, biyu daga ciki tarkace ne na bayanan tsoffin ziyarce-ziyarcen baƙi da ba a taɓa sharewa ba tun 2021. Abin da ake taɓawa kullum, kaya da farashi da oda da sunayen masu saye, bai wuce gigabait ɗaya ba. Muka kwafe rumbun zuwa kwamfutar Yaya, muka kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri. A nan akwai tarko, domin MySQL a yadda yake zuwa ba ya rubuta tambaya a wannan rajista sai ta wuce daƙiƙa 10, dole ka sauko da ma'aunin da kanka. Muka sa rabin daƙiƙa. Tambaya ɗaya ce ta cika rajistar, wadda ke ƙirga sauran yadin da ya rage na kowane ƙyalle. A duk buɗe shafi sai ta karanta teburin oda gaba ɗaya, layi sama da dubu ɗari uku, daga farko har ƙarshe, saboda ban yi mata fihirisa ba. Duk wanda ya taɓa neman mas'ala a babban littafi ya san bambancin duba fihirisa da bin shafi ɗaya bayan ɗaya. Layi ɗaya na umarni muka rubuta, tambayar da ke cin kusan daƙiƙa biyu ta koma 'yan milisakan, kowanne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na yi shiru na daɗe ina kallon allon, domin wannan layin ne ya cinye wa Hajiya da sauran mutane cinikin Sallah.

Akwai abu na biyu da Yaya ya nace in rubuta a takarda. Injin InnoDB, ɓangaren MySQL da ke kula da ajiyar bayanai, yana da wani kaso na ram da yake ajiye bayanan da ake yawan nema, don kada ya riƙa komawa faifai. In ba ka taɓa shi ba, megabait 128 ne kacal. Ma'ana kana iya sayen injin gigabait 64 ka kunna, rumbun ya ci gaba da aiki a cikin ɗan wannan lungu, sauran ram ɗin yana zaune banza. Dokar da ya ba ni ita ce kason ya fi girman bayanan da ake taɓawa kullum tare da fihirisarsu, da sarari na girman shekara biyu. Haka kuma adadin haɗin da rumbun ke karɓa a lokaci guda 151 ne a asali, kuma ɗaga shi zuwa dubu ba ƙarfi ba ne, kowane haɗi ram yake ci. Game da faifai ya ce kada in yarda a ɗora rumbu a kan faifai mai juyawa, wanda ba ya wuce karatu ɗari da wani abu a daƙiƙa in bayanan a warwatse suke, alhali SSD, faifan da ba ya juyawa, yana yin dubbai.

Duk da haka ban watsar da maganar Kawu ba. Injin a bayan shago dai ya fita daga lissafi tun a daren farko. Irin wannan saba tana jan wuta wajen wat 250 dare da rana, kusan yunit 180 a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki da batir da janareta, ga ƙurar hunturu, kuma duk wanda ya ga dumso na 2015, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Gana, ba sai an yi masa bayani ba. Saura a kai shi gidan sabobi a biya kuɗin ajiya. Na nemi ganawa da wata cibiya a Akra ta imel, suka ba ni rana bayan kwana takwas, sai da na koma Kumasi na sake dawowa. A ƙofa suka karɓi katin Gana suka rubuta sunana, suka hana ɗaukar hoto, na jira kusan awa ɗaya kafin jami'in ya fito. Wurin ya burge ni ƙwarai, sanyi, wuta layi biyu, janareta a shirye. Takardun da suka nema su ne shaidar rajistar kamfani, lambar haraji, da katin wanda zai sa hannu. Farashin da suka ba ni ya kusa dala 250 a wata na gurbin injin da wutarsa da ɗan layin intanet, kwantiragin shekara, a biya wata uku a gaba. Tambayar da ta yanke min shawara ita ce, in faifai ya mutu da ƙarfe biyu na daren ashirin da bakwai, wa zai canza? Ya ce za su iya sa hannu in na ajiye musu wani a wurin, amma injin nawa ne, gyaransa nawa ne. Ni kuma ina Kumasi, tafiyar awa biyar ko shida.

Na koma wa Kawu da takarda ɗaya mai layi uku, kowane zaɓi da kuɗinsa na shekara. Abin da na zaɓa shi ne hayar sabobi biyu matsakaita a Frankfurt, irin waɗanda ake yanka maka kasonka kai kaɗai, kamar ciki da falo mai mitarsa. Ɗaya ta shafin, ɗaya ta rumbun bayanai, kowace da ƙwayar furosesa huɗu da ram gigabait 8 da faifan SSD. Na raba su ne don kada cunkoson shafi ya ƙwace wa rumbu ram. Hotuna kuwa na fitar da su zuwa ma'ajiya ta daban, a matse su, a riƙa rarraba su ta Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafinsu kusa da masu buɗe shafi. Duka ya kama kusan dala 110 a wata, kuma ana iya ƙara girman saba na wata ɗaya a rage bayan Sallah, abin da ƙarfen da ka saya ba zai yi maka ba. Kawu ya juya takardar ya ce, "To ina abin yake? Me zan nuna in an tambaye ni?" Na ce, "Kawu, ba za ka gan shi ba, amma ka ba ni azumi ɗaya." Abin da ya fi damunsa, kuma yana da gaskiya, shi ne biya da dala. A 2022 sidi ya faɗi ƙwarai, dalar da ta fara shekara a wajen sidi 6 ta ninka ta wuce kafin ƙarshenta. Muka yi yarjejeniya a ware kuɗin wata shida a gefe. Sai kuma banki. Katin shagon ya ƙi biya sau uku, na je reshensu a Adum, na ɗauki lamba na zauna awa biyu da rabi, aka ce sai an buɗe wa katin biyan ƙasashen waje. Fom ɗaya ne, amma sai da sa hannun Kawu da katinsa na Gana da kwafin rajistar kamfani, ni kuma da nawa kaɗai na je. Washegari muka koma tare, aka buɗe bayan kwana uku na aiki. Wanda zai je, ya tafi da mai asusun tun farko.

Ƙaura na yi ta a watan Agusta, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, da ƙarfe ɗaya na dare. Na ba rumbun gigabait 5 daga cikin 8. Da na buɗe sabon shafin sai na ga duk inda aka rubuta ƙyalle ko ɗinki ya koma wasu alamomi marasa ma'ana. Tsohon rumbun a tsarin haruffa na latin1 yake, wanda shi ne na asali a MySQL kafin fitowa ta 8.0, kuma ba shi da gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Sai da na sake fitar da bayanan a tsanake na shigar da su a utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Duk mai shafin Hausa ya duba wannan tun kafin ranar ƙaura. Bayan nan na yi gwajin da ya kamata a ce na yi tun 2021. Da manhajar k6 na tura wa shafin baƙi na ƙarya, na fara da 40 a daƙiƙa, na hau 80, na hau 120, ina kallon furosesa da ram da faifai. Sai wajen 150 ya fara nishi, kuma sabar shafin ce ta gaji, rumbun bai ko kai rabi ba. Wannan ya nuna min wadda zan ƙara wa ƙarfi in rana ta yi. Na kuma ɗauki kwafin ajiyar da ake yi kowane dare na gwada mayar da shi a saba ta wofi, na ga yana ɗaukar minti 25. Kafin wannan rana ban taɓa gwada ko kwafin yana buɗewa ba.

In za ka bi wannan hanya, fara da kundin sabarka kafin ka tambayi farashin komai, kuma minti mafi zafi za ka nema, matsakaicin wata ba zai gaya maka gaskiya ba. Ka ninka abin da ka samu sau biyu ko uku, domin waɗanda suka tarar da ƙofa a rufe suka juya ba duka ne kundin ya ƙirga yadda ya kamata ba. Ka raba hotuna da ainihin bayanai kafin ka ce rumbunka babba ne. Ka gyara tambayoyi masu jinkiri tukuna, sannan ka auna injin da ya dace da abin da ya rage. Kuma ka yi duk wannan a Rajab ko kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da kana riƙe da sunaye da lambobin wayar mutane, ka san cewa dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta wajabta yin rajista da hukumar kare bayanai. Mu ma sai a wannan zagayen muka yi.

Zaɓin nawa yana da nasa rauni, kuma na gan shi da idona. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai fi kwana uku ko huɗu ba, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Sabobinmu suna lafiya lau a Jamus, 'yan'uwa na Turai suna ta saye, amma mu a Kumasi ba ma iya ganin odar balle mu haɗa kaya. Kawu bai ce min komai ba a ranar, kallona kawai ya yi, na kuma fahimci abin da kallon ke nufi. Wani ɗan'uwa a Hamburg ne ya riƙa karanto mana oda ta kiran waya muna rubutawa, har layi ya fara dawowa bayan 'yan kwanaki. Da goman ƙarshe ta zo kuwa, na ƙara wa sabar shafin ƙwaya huɗu na sati biyu, cunkoso ya haura na 2023, shafin bai ko tari ba. Daren ashirin da bakwai na yi tahajjud wayata a aljihu ba ta yi ƙara ba, Hajiya mai leshi ta aiko min da yadi biyar na shadda ranar jajibere.

Maganar 14 ga Maris ce ba ta bar ni ba. Na sake komawa cibiyar nan ta Akra, wannan karon ba da ƙarfe ba, na tambayi hayar ƙaramar saba a cikin nasu injin, wadda za ta riƙa karɓar kwafin rumbun daga Frankfurt a kai a kai. Na tambaye su ko layinsu yana haɗe da mahaɗar intanet ta Gana, inda kamfanonin sadarwa ke musayar zirga-zirgar cikin gida ba sai ta fita teku ba, suka ce yana haɗe. In wayoyin suka sake katsewa, aƙalla za mu ga odar da ta shigo kafin yankewar, 'yan kasuwa kuma su ga lissafin kayansu. Abin da ban warware ba tukuna shi ne yadda za a haɗa oda in ɓangarorin biyu suka karɓi ciniki a lokaci guda a kan yadi ɗaya, shi ya sa a yanzu ta Akra karatu kawai take yi, ba a rubuta mata komai. Yaya ya ce in zo Nima bayan Babbar Sallah mu zauna a kai.